Shekarar da Yunwarmu Ta Zama Ra'ayi

Bana citta ta ruɓe mana a ƙasa. Tun da aka shiga malka ganyen ya fara yin rawaya daga baki, ya lanƙwashe, ya kwanta. In ka tona ka ciro, sai ta narke maka a tafin hannu kamar dafaffiyar kabewa, ga wani wari da ke bin mutum har gida. Ɗana Bitrus, da ya zuba ƙarfinsa kaf a gonar nan, kullum da safe sai ya je ya tsaya a bakinta ya riƙe ƙugu, sannan ya dawo gida.

Ran nan jikata Alheri ta zo ta zauna kusa da ni ina gyaran yakuwa, ta ce bari ta karanta mini abin da aka rubuta a kanmu. Ta latsa wayarta ta karanta, wai an shawo kan ciwon citta a yankinmu, manoma suna ta yabawa.

Na ce, "Waɗanne manoma?"

Ta ce, "Kaka, ba su sa suna ba fa. Labari ne kawai."

Na ajiye yakuwar. Na san wannan irin labarin, na san uwarsa da ubansa, don ya taɓa cin tuwo a gidanmu.

Lokacin ina da 'ya'ya biyu, Bitrus yana tafiya da ƙafarsa, Saratu tana goye. Muna zaune a gidan surukina Baba Dogara, a ƙauyenmu da ke gindin dutse, tafiyar safiya guda a ƙafa zuwa Kafanchan. Mijina Ishaya shi ne babban ɗa, don haka noman gidan da cin gidan duk a wuyanmu suke.

A shekarar ruwa ya yi mana wayo. Ya sauko da wuri, tun kafin Ista, mai ƙarfi har sau biyu, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ɗauki garma. Aka yi gayya gida-gida kamar yadda aka saba, maza a gaba suna huɗa suna waƙa, mu mata muna biye da iri a ƙwarya, 'yan mata suna kawo kunu. Muka shuka masara, muka binne citta muka rufe ta da ciyawa. Shuka ta fito kore shar, sai sama ta ɗauke ƙafa. Kullum da rana hadari ya haɗu a kan dutse ya yi baƙi, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta zo ta watsa shi. Masara ta nannaɗe ganye kamar an murza taba. Da tsakar rana in ka bi ta gona har ƙaurin ciyawar rufin citta kake ji, ƙasa kuwa ba ta takuwa sai da takalmi.

Da ruwan ya ga dama ya dawo, muka sake shuka. Shi kuma sai ya dawo da fushi. Aka yi ta zuba ba dare ba rana, har gishiri ya narke a kwano, itace ya ƙi kamawa, katangar bayan gidanmu ta zube. Acca ta kwanta a cikin ruwa. Dawar da ta tsira burtuntuna ta shige ta, ka kama zangarniya ka girgiza sai baƙin gari ya zubo. Da kaka, gonar da muke ɗaura dami har mu gaji da kai-kawo, ni da Ishaya muka kwashe ta a yini ɗaya, rana ba ta ma faɗi ba.

To, muna da wata al'ada tun kakanni. In an yi girbi, kowane gida zai zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, da 'yar acca da maiwa, a kai gidan dattijon gari. A can akwai rumbu guda da ba na kowa ba, rumbun iri. A barbaɗe shi da toka, a yaɓe bakinsa da laka, ba mai buɗewa sai ruwan shuka ya zauna sosai. Ran buɗewa fasto yakan zo ya yi addu'a, mata su yi waƙa, a raba wa kowa gwargwadon gonarsa. Baba Dogara ne mai riƙon rumbun a zamanin. A ciki akwai wata jar dawa da muke kira 'yar dutse, wadda kakanninmu suka sauko da ita daga kan dutse lokacin da suka dawo zama a ƙasa. Gajeriya ce, ba ta tsoron iska, tuwonta kuma yana kwana ya ƙara daɗi. Ko a wannan muguwar kaka ba gidan da ya ƙi kai rabonsa, don kowa ya san wanda ya ci iri ya ci baɗi.

Kirsimeti muka yi ta da faten tsaki, ba wanda ya yi maganar shinkafa. Bayan sabuwar shekara aka koma ci sau biyu, daga nan sau ɗaya. Da bazara ta kama, zafi ya sauko kamar an kife mana tukunya, rumbunan gidaje suka koma wurin kwanan ɓera, shi ma ɓeran ya gaji ya yi ƙaura. Muka shiga garin ɗorawa, mu dama shi da ruwa yara su sha, bakinsu ya yi rawaya cikinsu ya kumbura. Ɗanyen mangwaro da gishiri ya zama abincin rana. Na iya tankaɗe dusa sau uku in fitar da abin kunu. Inna Hajo, matar Arɗon rugar da ke bayan rafi, takan biyo da ƙwaryarta, su ma shanun sun bushe, amma takan zuba wa Bitrus ludayi guda na nonon tsala ta ce, "Sha, ɗan Rifkatu, Allah ya kawo ruwa." Ba ta taɓa tsayawa jiran hatsin musaya ba, don ta san babu.

Sai muka ji an kawo hatsin agaji, ana rubuta garuruwan da abin ya shafa. Muka ji kuma zaɓe ya matso. Waɗannan maganganu biyu tare suka iso, amma mu a lokacin ba mu ga zaren da ya haɗa su ba. Garinmu dai a zaɓen da ya wuce mun dangwala wa waɗanda suka faɗi, kuma kowa ya sani.

Akwai wata jarida ta Hausa da manyan jam'iyya mai mulki suka kafa a shekarun nan. Ba ta yi tsawon rai ba, ta mutu tare da mulkinsu, ban kuwa yi mata makoki ba. Jirgin ƙasa ke kawo ta, ana sayarwa a tasha. Malam Yakubu, hedimastan makarantarmu, shi yake sayo ta in ya shiga gari, ran Lahadi bayan sujada ya zauna a gindin mangwaron coci ya karanta wa jama'a. Mun ɗauki maganar takarda da girma. Abin da muka sani a buge da inji shi ne Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, to wa zai zaci inji yana buga ƙarya?

Wata ranar Laraba aka aiko cewa gobe ɗan jarida zai zo ya ga halin da muke ciki. Gari ya ɗauki murna, aka ce Ubangiji ya ji kukanmu. Daga nan muka yi abin da mu kaɗai za mu iya yi. A wurinmu baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. Ko mutuwa aka yi sai an ba shi ruwa an sa masa tukunya. Saboda haka aka share gari tun daga bakin hanya. Zumuntar mata muka bi gida-gida da ƙwarya, wannan ta kawo tafi guda na acca da ta ɓoye don ranar ciwo, waccan ta kawo ɗan manja a ƙasan kwalba. Aka kama zakaran da ya rage a gidan fasto, wanda shi ke tashin gari, aka yanka. Aka wanke yara aka shafe musu ƙafa da mai, waɗanda suka fi ramewa aka ce su zauna a ɗaki kada su ba baƙo tsoro. Baba Dogara ya ciro farar rigarsa ta zuwa coci daga ƙasan akwati, ya sa hula. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, mu kuwa muka ɓoye tamu muka ɗaura mata ɗamara.

Ɗan jaridar ya iso da hantsi a motar ofishin gona. Saurayi ne mai fara'a, da kyamara a wuya, ya durƙusa ya gaida dattawa har ƙasa. Ni na kai masa tuwon accar da miyar zakara. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe hannu, ya ce rabonsa da tuwo irin wannan tun na kakarsa. Ina tsaye riƙe da ruwan wanke hannu, Bitrus kuma yana ɗaki ana rarrashinsa da ƙwallon mangwaro.

Kada wani ya ce mini bai sani ba. An gaya masa. Baba ya kai shi bakin rumbun iri, ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ya fasa yaɓen da hannunsa don baƙo ya gani da ido. Hausar Baba ba ta da yawa, amma ta isa.

Ya ce, "Yaro, duba. Duk garin nan, wannan ne ya rage. Ba na ci ba ne, na shuka ne. In shi ya ƙare, mu ma mun ƙare."

Ɗan jaridar ya gyaɗa kai, ya rubuta. Ya ce, "Baba, ɗan ɗebo mini a hannu in ɗauka, don manya su gani."

Baba ya ciro zangarniyar 'yar dutse biyu, jajaye, cikakku, ya riƙe.

"Ɗaga sama kaɗan. Yawwa. Baba, ɗan yi murmushi mana."

Tsohon nan ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Ya gyara hula, ya yi murmushi har ana ganin wushiryarsa.

Da za su tafi, wata gwauruwa, Kaka Tabita, ta riƙe masa hannun riga ta ja shi har gidanta, ta buɗe masa nata rumbun. Ba komai ciki sai yanar gizo da tsohuwar ƙwarya. Ya leƙa, ya ce kayya, sannu Mama. Ta ce ya ɗauka. Ya taɓa kyamarar ya ce fim ya kusa ƙarewa.

Lahadi biyu bayan haka muka cika gindin mangwaro, har waɗanda ba su shiga sujada ba. Malam Yakubu ya buɗe jaridar, ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ga Baba a shafin farko, fari fat, da dawa a hannu biyu, bakin rumbu a bayansa cike. Mutane suka fara tafi. Malam bai ɗaga kai ba. Da aka matsa masa sai ya karanta, muryarsa a ƙasa. An rubuta cewa shirin noma na hukuma ya yi albarka a yankinmu, rumbuna sun cika, manoma suna godiya, kuma wakilin jaridar ya ga yalwa da idonsa, har an yi masa liyafa da kaza. A ƙarshe aka ce masu yaɗa jita-jitar yunwa 'yan adawa ne da ba sa son ci gaba.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne, in ka bi shi layi-layi, da wuya ka kama shi da hannu. Rumbu ya cika? Wannan guda ɗayan ya cika. An yanka kaza? An yanka. Baba ya yi godiya? Ya yi, don a wurinmu ko mai karɓar haraji ne ya zo sai an ce masa an gode. Yaron nan ya tsince gaskiyarmu kamar mai tsintar wake, ya ɗauki wadda iyayen gidansa ke so ya zubar da sauran. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na yarda, amma da kanmu aka yi askin.

Baba bai iya karatu ba. Ya karɓi jaridar ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya tambaya da yarenmu ko an rubuta maganar da ya faɗa, cewa na shuka ne. Malam ya ce ba a rubuta ba. Baba ya miƙa masa jaridar, ya tashi ya tafi gida.

Ishaya da dattawa suka je ofishin da ake rubuta garuruwan agaji, aka nuna musu hoton aka sallame su. Malam Yakubu ya ce shi ma ai ya iya rubutu. Ya zauna ya rubuta komai, fari da malka da burtuntuna, garin ɗorawa, rumbun Kaka Tabita, da ma'anar rumbun iri. Ya hau jirgi da kuɗin aljihunsa ya kai wa masu jaridar har ofishinsu. Ya dawo ya ce editan ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce su jaridarsu ta kowa ce, za su ba shi fili.

Sun ba shi. Can ciki, bayan tallar maganin tari, a shafin da aka rubuta wa Ra'ayoyin Masu Karatu da manyan baƙaƙe. A ƙasa kuma aka sa da ƙanana cewa abin da ke wannan shafi ra'ayin marubutansa ne, ba na jarida ba. Kusa da na Malam aka buga na wani mutum da ya ce mutanen yankinmu lalaci da burkutu ne ke damunsu. Wannan mutumin ban riƙe shi a zuciya ba, ko da yake na zage shi iya cikina. Ya sa sunansa da garinsu, ya fito fili ya ce ga abin da yake gani, ana iya amsa masa. Mai shafin farko kuwa ba shi da suna sai "wakilinmu", bai ce yana gani ba, cewa ya yi haka abin yake.

A wannan tsakanin ƙafafun Bitrus suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya daina kuka, wanda shi ya fi ba ni tsoro. Ranar da Baba da Malam za su koma ofis da sabuwar jaridar, na goya shi na bi su, na bar Saratu wurin uwar mijina. Muka fita da sassafe, kafin mu kai gari rana ta buɗe, gumi yana bin bayana yana jiƙa yaron. Muka fara biyawa asibiti. Nas ɗin ta duba idonsa da ƙafarsa ta ce, "Madam, wannan ba ciwon allura ba ne. Abinci yake so."

A ofis muka tarar da babban akawu a ƙarƙashin fanka, da jaridu a gabansa. Malam ya gaishe shi ya shimfiɗa masa shafin. Akawun ya karanta sama-sama, ya jawo tsohuwar daga aljihun tebur ya ajiye kusa da ita.

Ya ce, "Baba, ba kai ne wannan ba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Dawar nan da ke hannunka ta roba ce?"

"Iri ne."

"To." Ya juya wurin Malam. "Malam, kai mai ilimi ne, kada ka ba ni wahala. Wannan labari ne, wannan kuma ra'ayi. Ga shi su da kansu sun rubuta a ƙasa. Ra'ayi kowa da nasa, ni ma ina da nawa. Mu a ofis da labari muke aiki."

Ban san lokacin da na kwance goyon ba. Na zaunar da Bitrus a kan teburin, na kama ƙafarsa na danna da babban yatsa, na ɗauke. Ramin ya zauna bai taso ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan a wane shafi yake?"

Ya kalli ƙafar, ya kalli fanka. Ya ce, "Madam, ɗauke yaro daga kan fayil." Da muka kai bakin ƙofa sai ya ƙara da cewa, a hankali kamar mai ba da shawara, in Allah ya kai mu zaɓe mu san inda za mu sa yatsa.

A hanyar dawowa muka ga motar agaji ta wuce mu da buhuna, ta nufi wani gari da ke gaba da mu, wanda masararsu ta fi tamu yi nesa ba kusa ba. Ba na jin haushinsu, su ma sun ji jiki. Amma ƙurar motar nan da muka sha, har yau in na tuna sai na ji ta a maƙogwaro.

Ruwa bai zo ba. Hadari ya riƙa taruwa yana watsewa kamar bara. Aka binne yaro a gidan maƙwabtanmu, aka binne Kaka Tabita. Ran da aka dawo daga jana'izarta, mu mata ba mu koma gida ba. Ba wadda ta kira wata, sai kawai muka tsinci kanmu a ƙofar Baba Dogara, kowace da ƙwarya. Yana zaune a kan dutsen da yake zama, ya dube mu ya san abin da ya kawo mu. Ni ce surukarsa, ni ya kamata in yi shiru, amma ni na yi magana.

Na durƙusa na ce, "Baba, a buɗe."

Ya ce, "Rifkatu, ruwa ya kusa. In muka ci, me za mu sa a ƙasa?"

Na ce, "In ba mu ci ba, yaran za mu sa."

Ya ce a kawo masa Bitrus. Na kawo shi, ya ɗora shi a cinya, ya danna ƙafar kamar yadda ya ga na yi a ofis. Sannan ya miƙo mini shi, ya ɗauki fartanya ya nufi rumbun. Ba a kira fasto ba, ba a yi waƙa ba. Ya fasa sabon yaɓen da aka yi bayan tafiyar baƙon, ya koma gefe ya juya mana baya, muka ɗiba.

Na wanke tokar, na surfa, na niƙa, na yi kunu. Ban taɓa jin ƙamshi irin na kunun 'yar dutse a ranar ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Bitrus ya sha ya yi barci, ya tashi ya nemi ƙari. Kafin rumbun ya ƙare, kumburin ya saɓe, ya fara yi wa ƙanwarsa tsiya.

Bayan mun cinye sai ruwa ya zo. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin damina mai hankali irin wannan ba, ruwa da dare, rana da safe, ba fari ba ambaliya. Ƙasa ta yi laushi tana jira. Maza suka yi huɗa don hannu ya saba, kunya-kunya a miƙe, ba abin da za a zuba. Aka yi ta yawon roƙon iri. Arɗo ya aiko da maiwa a ɗan buhu, wasu suka samo dawar kasuwa da ba ta san ƙasarmu ba, ta yi tsawo iska ta kwantar da ita. Rabin gonakinmu ciyawa ce ta ci wannan kyakkyawan ruwa. Samari da yawa suka tafi neman aiki a tasha da Kaduna, wasu ba su dawo zama ba. 'Yar dutse kuwa ta tafi ke nan. Na neme ta a garuruwan dutse, na nuna wa tsofaffi kamanninta da baki, ana kawo mini masu kama da ita, amma ba ita ba ce.

Da zaɓe ya ƙarato sosai, jaridar ɗaya ɓangaren ta turo nata mutumin. Shi kuma ya so in cire wa Bitrus riga, ya ji haushi da ya ga yaron ya murmure. Malam ya karanta mana nasu labarin, wai garinmu ya watse, gawa a kan hanya. Muna zaune a gindin mangwaro da ranmu muna jin yadda muka mutu. Shi ma a shafin farko aka sa.

Baba Dogara bai ƙara sa farar rigar nan ba. Da tsohuwar taguwa yake zuwa coci, ya zauna a baya. In baƙo ya zo gidan sai ya shige ɗaki. Kafin ya rasu ya kira Ishaya ya ce kada a binne shi da ita, haka kuwa aka yi. Rumbun iri ya tsaya ba kowa a ciki har ruwa ya cinye shi, yanzu wurin kabewa ce ke yaɗo.

Yanzu iri a shago ake saye, a leda, da hoton masara a jiki. Jarida kuma ta koma cikin waya. Na tambayi Alheri ina shafin labari ina na ra'ayi a nata, ta yi dariya ta ce, "Kaka, duk a haɗe suke, sai dai ki yi ta ja da yatsa." Da can aƙalla ana gaya maka ɗakin da aka kulle ka.

Makon jiya aka ce wata 'yar jarida za ta zo ganin gonakin citta. Ina zaune na ji kaji suna kururuwa a bayan gida. Na leƙa, sai ga matar Bitrus da zani a ɗamare tana bin zakara, Alheri kuma ta fito mini da atamfar zumunta a goge.

Na ce, "Maman Alheri, ƙyale zakaran nan."

Ta ce, "Haba Mama, baƙo fa. Me za a ce da mu?"

Na ce, "A ce ba mu da shi."

Yarinyar ta iso a kan babur, 'yar siririya, mai ladabi, ba ta wuce sa'ar Alheri ba. Na ba ta ruwa, don wannan kam ba zan iya hanawa ba. Daga nan na ja ta gona da zanin da na kwana da shi. Bitrus yana can tsaye inda ya saba, da furfura a gemu. Na sa hannu a kunyar gonar na ciro citta, na kama hannunta na zuba mata. Ta yamutsa fuska, ta kawar da kai, amma ba ta yar ba. Ta yi tambayoyi, na amsa, na sa ta maimaita mini abin da ta rubuta. Ban san abin da za a yi da shi a can sama ba, ita ma na ga alama ba ta sani ba.

Da za ta tafi ta ce tana son hoto. Na ɗebo ruɓaɓɓiyar a hannu biyu, na tsaya kusa da ɗana. Ta ɗaga wayar, ta matsa baya, ta leƙo ta gefe.

Ta ce, "Mama, abeg, ɗan yi murmushi kaɗan."

Na ce, "'Yata, surukina ya taɓa yi muku, irinmu muka ci a kansa. Ɗauki haka."